Yadda ake ziyartar lambun tsire-tsire masu cin ƙwari

Duk wanda ya taɓa riƙe hauya a gonakin Maraɗi ya san akwai tsiron da ba ya dogara da kansa. Ƙuduji yana manne wa saiwar hatsi ya tsotse ta har gona ta rame, kauci kuma yana hawa reshen itace ya sha daga jikinsa. Abin da yawancinmu ba mu taɓa gani da ido ba shi ne tsiron da ke ɗana tarko, ya kama ƙwaro da ransa, ya narkar da shi ya shanye. Irin waɗannan tsire-tsire sun haura nau'i 600 a duniya, kuma akwai wani ɗan lambu a birnin Wilmington na jihar Karolina ta Arewa, a Amurka, inda mutum zai tarar da wasunsu a ƙasarsu ta asali, a fili, ba cikin tukwane ba. A wannan jihar ce garin Greensboro yake, inda ƴan Nijar suka taru da yawa, har da ƴan'uwanmu na Maraɗi da Tasawa da Madarumfa, kuma da dama daga cikinsu sun yi shekaru a can ba su san cewa tafiyar rabin yini ce tsakaninsu da wannan abin al'ajabi ba. Domin su, da masu kai musu ziyara, da ɗalibanmu da ke zuwa karatu, na rubuta wannan bayani.

Sunan wurin Lambun Stanley Rehder, kuma yana cikin wani keɓaɓɓen daji da ake kira Piney Ridge, a bayan makarantar firamare ta Alderman, a cikin birnin kansa. Stanley Rehder mutumin Wilmington ne wanda ya ƙarar da shekarunsa yana kula da waɗannan tsire-tsire, ya rasu a 2012, a shekarar da aka sanya wa lambun sunansa. Ba a biyan kuɗin shiga. Daga Greensboro, babbar hanya mai lamba 40 ce ke kai mutum har Wilmington, inda ta ƙare, tafiyar sa'o'i uku da ɗan wani abu a mota, wato ta ɗara Maraɗi zuwa Damagaram. Wanda ya tashi bayan sallar asuba zai isa da hantsi, kuma hantsi shi ne lokacin da ya fi dacewa, domin rana ba ta yi zafi ba tukuna, ƙwari kuma sun fara zirga-zirga.

Zaɓen wata ya fi zaɓen sa'a muhimmanci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tsire-tsiren suna barcin sanyi, ganyayensu su ƙanƙance, wasu su yi baƙi, wanda ya je a lokacin zai ɗauka an yaudare shi. Daga ƙarshen Afrilu abubuwa ke farfaɗowa, a watannin Mayu da Yuni kuma sarkin lambun, wato tarkon ƙuda, wanda masana ke kira Dionaea muscipula, yana fitar da fararen furanni a kan dogon sanda, kuma waɗannan furanni su ne alamar da ke nuna wa baƙo inda tsiron yake a cikin ciyawa. Idan da zaɓi, a je a waɗannan watanni biyu. Yuli da Agusta ma akwai abin kallo, sai dai zafin can ba irin namu ba ne. Mu da muka saba da zafin Afrilu na Maraɗi mun san zafi mai bushewa, wanda inuwar dogon yaro ke magance shi, amma na can zafi ne mai gumi, jiki yana jiƙewa ko a inuwa. Daga Yuni zuwa Nuwamba kuma lokacin guguwar teku ne a wannan gaɓa, kamar guguwar Florence da ta afka wa yankin a Satumba 2018, saboda haka a duba hasashen yanayi kafin a ɗauki hanya.

Kayan tafiya ba su da yawa. A sa takalmi rufaffe da safa da dogon wando, domin akwai sauro da kaska, akwai kuma macizai a dazuzzukan yankin. A ɗauki ruwan sha da hula, da tabarmar salla, da gilashin ƙara girman abu idan an samu. Babbar riga ko zane mai jan ƙasa ba su dace da wurin ba, domin gefen tufa yana iya shafar tsiro ba tare da mai shi ya sani ba.

Yanzu ga abin da ya fi komai, wanda idan mutum bai riƙe shi ba tafiyarsa ta tashi a banza. Tarkon ƙuda ƙaramin abu ne ƙwarai. Hotunan da ake gani a intanet an ɗauke su ne kusa-kusa, shi ya sa mutane ke zuwa da tunanin wani abu mai girman ƙwarya. Gaskiyar magana, tsiron gaba ɗaya tafin hannu ya rufe shi, bakin tarkon kuma da kyar ya kai santimita uku, kwatankwacin kan babban yatsa, kuma yana kwance ne a ƙasa a tsakanin ciyayi. Wanda ya shiga yana tafiya a tsaye yana duban nesa zai kewaye lambun, wanda bai kai eka ɗaya ba, cikin minti goma ya fita bai ga ko ɗaya ba. Abin yi shi ne a tsaya a gefen hanya, a durƙusa kamar mai cirar haki a bakin shuka, a zuba ido a wuri guda har ido ya saba. Da farko kore kawai za a gani. Can sai wani ɗan ja ya bayyana, kamar cikin bakin ɗan tsako, da haƙora sirara a gefensa kamar gashin ido. Da zarar ido ya kama ɗaya, sai mutum ya ga ashe guda goma ne a gaban gwiwarsa, wasu ma kusa da inda ya yi niyyar ajiye ƙafa. Wannan shi ne dalilin da ya sa aka shimfiɗa hanya da duwatsun takawa da dandamalin katako, kuma ba a sauka daga kansu ko domin ɗaukar hoto.

Idan an samu guda mai kyau, a kawo gilashin kusa ba tare da taɓawa ba. A kowane ɓari na bakin akwai ƴan gashi tsaye, galibi uku, siraran da ido ke iya tsallakewa. Su ne kunamar tarkon. Idan ƙwaro ya taɓa gashi ɗaya sau ɗaya, babu abin da ke faruwa, domin ɗigon ruwan sama ko ƙwayar rairayi ma na iya yin haka. Amma idan aka sake taɓawa cikin kimanin daƙiƙa 20, sai bakin ya rufe cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, da saurin da ido ba ya iya bi. Kowace taɓawa tana aika wani ɗan saƙon lantarki a cikin ganyen, ganyen kuma yana riƙe da lissafi. Rufewar farko ba ta cika ba, haƙoran suna sarƙewa su bar ƴan ƙofofi, ta yadda ƙwaron da ya yi ƙanƙanta har bai cancanci wahala ba zai fice. Wanda ya kai girma ya ci gaba da shure-shure, shi ne ke jawo wa kansa, domin masu bincike a jami'ar Würzburg ta Jamus sun nuna a 2016 cewa daga taɓawa ta biyar ne ganyen ke sakin ruwan narkar da abinci sosai. Daga nan bakin ya manne kamar an liƙe shi da ƙaro, ya zama ɗan ciki, ya yi kwana biyar zuwa goma sha biyu yana aiki, sannan ya buɗe ya bar busasshen ɓawo iska ta ɗauke. Ko da yake sunansa tarkon ƙuda, mafi yawan abin da yake ci a daji masu rarrafe ne, tururuwa da gizo-gizo da ƙananan buzuzu. Charles Darwin, wanda ya wallafa littafi kan waɗannan tsire-tsire a 1875, ya lissafa shi cikin mafi ban mamaki a duniya, kuma wanda ya durƙusa a gaban tsiron zai gane dalili.

A nan ne jarrabawa take. Duk wanda ya ji wannan bayani hannunsa zai yi ƙaiƙayin ɗaukar tsinke ya gwada. Ranar da na je da iyalin ƙanena, ɗiyarsa mai shekara tara ta tsinko zaren ciyawa ta dube ni ta ce, "Baba, sau ɗaya tak, in ga yadda yake yi." Na ce mata, "Ɗiyata, idan ya rufe a kan tsinkenki, da me zai karya kumallo?" Ba wasa nake mata ba. Kowane baki yana da adadin rufewar da zai iya yi a rayuwarsa, kamar sau goma, daga nan ya daina aiki ya mutu. Idan ya rufe a banza yakan ɗauki kusan yini guda kafin ya sake buɗewa, ya kashe ƙarfinsa bai samu komai ba. Idan kowane baƙo ya ce sau ɗaya tak, lambun da ɗaruruwan mutane ke shiga ba zai kai ƙarshen damina ba. Sai muka zauna a bakin dandamali muka jira. Mun fi minti ashirin, yarinyar har ta fara gajiya, sai ga wani ɗan gizo-gizo ya hau gefen ganyen, ya tsaya, ya shiga tsakiya. Ba mu ga rufewar ba, mun dai ga baki a buɗe, sai kuma muka gan shi a rufe da ƙafa ɗaya a waje tana motsi. Ba kullum ake dacewa da haka ba, ana iya wuni ba a gani ba, amma wanda yake son yaransa su ga rufewar da idonsu yana iya sayen tsiron da aka raina a shagon shuke-shuke, ya gwada a gida a kan nasa.

Sauran mazauna lambun ba sa buƙatar durƙuso sosai. Masu tulu, waɗanda ake kira Sarracenia, suna tsaye kamar kakakin fada da aka kafa a ƙasa, wasu sun kai gwiwa har sun wuce, rawaya da kore da masu jan jijiya, kowanne da ɗan murfi a samansa. Su ba sa motsi. Zaƙi suke fitarwa a leɓen tulun, ƙwaro ya zo lasa, santsi ya kwashe shi ya faɗa ciki, gashin da ke kallon ƙasa ya hana shi hawowa. Ana iya leƙa bakin tulun daga sama ba tare da an riƙe shi ba, kuma idan rana tana bayansa ana ganin inuwar ƙwarin da suka taru a gindinsa. Akwai kuma mai raɓa, wato Drosera, wanda sau da yawa bai fi kuɗin dala girma ba, ganyensa cike da jajayen gashi, kowane gashi da ɗigo a kansa mai ƙyalli kamar raɓar asuba. Raɓar nan danƙo ce, ƙaramin ƙwaro yana sauka ya maƙale, gashin ya lanƙwaso a hankali ya lulluɓe shi. A ganina shi ne mafi kyau a lambun duka idan hasken hantsi ya same shi, kuma shi ne aka fi takawa saboda ƙanƙantarsa.

Mai ziyara zai ƙaru matuƙa idan ya dubi ƙasar da ke ƙarƙashin tsire-tsiren, ba su kaɗai ba. Rairayi ne fari gauraye da baƙin ruɓaɓɓen ganye, a jiƙe kullum, mai tsami, kuma matalauci. Sinadarin da ƴan lakwal ke kira azot, maƙwabtanmu na Najeriya ke cewa naitirojin, wanda shi muke saye a buhun takin ure, kusan babu shi a wannan ƙasa, haka ma fosfor. Waɗannan tsire-tsire suna haɗa abincinsu da hasken rana kamar kowane ganye, ƙwarin da suke kamawa taki ne a gare su. Manomin da ya ga yadda hatsi ke yin duhu a ƙarƙashin gawo alhali na nesa da shi ya yi rawaya ya riga ya fahimci rabin wannan darasi, domin matsalar ɗaya ce, hanyar warware ta ce ta bambanta. Shi ya sa kuma ba a yi musu alheri da taki ko guntun nama. Taki yana ƙona saiwarsu, nama yana ruɓar da bakin tarkon, ƙasa mai ƙarfi kuma tana kawo ciyayi da za su rufe su.

Wani abu da zai ba mutumin ƙasarmu mamaki shi ne alaƙarsu da wuta. Mu a nan gobarar daji masifa ce, a yankin Dakwaro da Gadabeji ana share hanyoyi bayan damina domin a tare ta kada ta cinye makiyaya. A dazuzzukan Karolina kuwa, tarkon ƙuda yana buƙatar wuta ta riƙa ratsawa lokaci-lokaci ta ƙone ƙananan itatuwa da ke tare masa rana, shi kuma ya sake tohowa daga gindinsa da ke cikin ƙasa. Da aka daina barin wuta ta ci, aka kuma cike fadamu aka yi gine-gine, sai tsiron ya ragu ƙwarai. Yanzu ma'aikatan daji ne ke cinna wutar da gangan, bisa tsari. Saboda haka idan aka ga kututture baƙi a irin waɗannan wurare, aikin masu kula ne. Wanda yake da ƙarin lokaci yana iya zarcewa dajin Green Swamp, ko gandun jiha na Carolina Beach da ke kudu da birnin, inda ake ganin tsiron a dajinsa sosai, sai dai can neman ya fi wuya kuma ƙa'idar tsayawa a kan hanya ta fi tsanani.

Dole in ja kunne a kan batun tsinka ko tonowa, domin a al'adarmu ba laifi ba ne mutum ya ga tsiro mai kyau a daji ya cire ya kai gida. A duk faɗin duniya, tarkon ƙuda ba shi da ƙasar asali sai wani ɗan yanki na Karolina ta Arewa da ta Kudu, wanda bai wuce kilomita 160 daga Wilmington ba. A 2013 ɓarayi suka shiga wannan lambu suka kwashe tsiro kusan 1,000, waɗanda aka ƙiyasta kuɗinsu dalar Amurka 20,000. Daga Disamba 2014 dokar jihar ta mai da satar tsiron babban laifi da ke kai mutum gidan kaso, kuma kowane tsiro ɗaya laifi ne mai zaman kansa. Baƙon da aka kama da haka zai iya rasa har takardun zamansa. Kada a ɗauki ganye, kada a ɗauki iri, kada a bar yara su cika aljihu. Ko wanda aka saya a shago ba a ƙetara iyaka da shi sai da takardu, domin yana cikin jerin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar barazana. Ban da haka ma, kawo shi Maraɗi hukuncin kisa ne a gare shi: ba ya shan ruwan famfo ko na rijiya saboda gishirin da ke ciki, sai ruwan sama ko tatacce, iskar hunturunmu za ta busar da shi, kuma yana buƙatar watanni na sanyi na gaske da ba mu da su.

Wajen ɗaukar hoto, a riƙe waya da kyau, a kusanto ta ba tare da ta taɓa ganye ba, kuma a sa yatsa ko kuɗin ƙarfe a gefen hanya cikin hoton domin na gida su gane ainihin girman abin. Sa'a ɗaya zuwa biyu ta wadatar. Bayan an fito a duba ƙafafu da bayan gwiwa da wuyan yara ko kaska ta hau.

Wanda Allah bai nufe shi da wannan tafiya ba, kada ya ɗauka abin na Turawa ne kawai. Afirka tana da nata. A dazuzzukan Saliyo da Laberiya da Kodebuwa akwai wata kurangar itace mai suna Triphyophyllum da ke fitar da ganyen danƙo a wani mataki na rayuwarta, Madagaska tana da masu tulu irin na Nepenthes, Afirka ta Kudu kuma tana da nau'o'in mai raɓa da yawa. Mafi kusa da mu shi ne Utricularia, wani tsiron ruwa marar saiwa da ake samu a tabkunan Sahel, wanda ke shawagi a ƙarƙashin ruwa yana ɗago ƴan furanni rawaya a sama. A jikin zaren ganyensa akwai ƴan jakunkuna kamar ƙwayar riɗi, kowace da ƙofa. Idan ƙaramar halittar ruwa ta taɓa bakin ƙofar, jakar tana zuƙe ta cikin ƙasa da ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa, saurin da ya ninka na tarkon ƙuda nesa ba kusa ba.

Malamin kimiyya da ke son ɗalibansa su gani yana iya fita da su a ƙarshen damina, watan Satumba ko Oktoba, su duba gefen tabkuna masu ruwa kwance, irin na wajen Madarumfa da guraben da Gulbin Maraɗi ke bari idan ya janye, suna neman ƙananan furanni rawaya da ke tsaye a kan ruwa. Kada yara su shiga ruwan, saboda tsargiya. A ɗaura ƙwarya a kan dogon sanda a kamfato tsiron tare da ruwansa, a juye a cikin farin kwano, a ajiye a inuwa har ruwan ya natsu. Da gilashin ƙara girma za a ga jakunkunan a jere, wasu garau kamar ƙwan kifi, wasu sun yi baƙi, kuma baƙaƙen nan su ne waɗanda suka riga suka ci. Idan kowa ya gani, a mayar da tsiron da ruwan a daidai inda aka ɗebo su, sannan a wanke hannu da sabulu.